Ɗan zomon daji: mu duba kafin mu ce maraya ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a ƙasar Matamaye, daga Kance har zuwa Ɗan Barto, yara masu kiwon awaki sukan tsinci ɗan zomo kwance a gindin sabara ko cikin ciyawar bakin gona. Mu ma manya mukan ci karo da shi wajen sharar gona, ko noma, ko yankan ciyawa. Da mun gan shi shi kaɗai, sai tausayi ya kama mu. Mu ce uwarsa ta mutu, mu kawo shi gida. Bayan kwana kaɗan sai ya mutu a hannunmu, yara su yi ta kuka. Sau da yawa kuwa uwarsa tana nan da ranta. Mu ne muka mayar da shi maraya.

Zomon daji ba zomon gida ba ne

Sunansu ɗaya, amma halinsu ya bambanta. Zomanyar gida tana ɗaukar ciki kamar kwana 31. Tana haifar ƴaƴanta tsirara, ba gashi, idanunsu a rufe. Sai sun yi kamar kwana 10 suke buɗe ido.

Zomanyar daji kuwa cikinta yana kai kamar kwana 42. Ɗanta yana zuwa duniya da gashinsa, idonsa a buɗe. Ba ta haƙa masa rami. Tana barinsa a ɗan kwari cikin ciyawa, ta yi nesa da shi, don kada ta jawo masa kare ko shaho. Sau ɗaya take zuwa a yini, bayan faɗuwar rana. Ta ba shi nono na ƴan mintoci, ta sake tafiya. Nononta yana da kauri da maiƙo ƙwarai, ya fi na saniya nesa ba kusa ba. Shi ya sa sha ɗaya yake riƙe shi har gobe.

Saboda haka, ɗan zomon da muka gani ya lafe shi kaɗai, jiran uwarsa yake yi. Mu bar shi inda yake, mu janye karnukanmu. In yaro ya riga ya ɗauko shi, a mayar da shi wurin da aka same shi kafin magariba. Taɓawar hannu ba ta hana uwa shayar da ɗanta.

Yaushe ne yake maraya?

Mukan gane maraya ta hanyoyi kamar haka. Mun ga kare ko mafarauci ya kashe uwar a kusa da shi. Ko gobarar daji ta cinye wurin. Ko mun koma da safe mun tarar jikinsa ya yi sanyi, cikinsa ya shafe, ƙudaje ko cinnaku sun rufe shi. To, a nan ne taimakonmu yake da amfani.

Mu sani cewa namun daji suna da doka. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara farauta da kare namun daji. Don haka mu sanar da ma'aikatan gandun daji cewa yana hannunmu, mu kuma nemi shawarar malamin dabbobi.

Yadda za mu rene shi

1. Mu sa shi a kwali mai zurfi, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa, mu huda ƴan ƙofofin iska. Mu ajiye kwalin a ɗaki mai duhu, nesa da kyanwa da kare da hayaniyar yara. Tsoro kaɗai yana iya kashe shi.

2. In jikinsa ya yi sanyi, mu fara ɗumama shi. Mu zuba ruwan ɗumi a kwalba, mu naɗe ta da tsumma, mu ajiye a gefensa. Kada mu ba shi nono sai ya ji ɗumi.

3. Nonon akuya ya fi dacewa da cikinsa bisa ga na saniya. Mu tafasa shi, mu bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Kada mu sa sukari. Kada mu ba shi koko, ko kunu, ko fura, ko nono mai tsami.

4. Mu ba shi da sirinji mai tsabta wanda aka cire wa allura. Mu riƙe shi a zaune, kansa a sama. Kada mu kwantar da shi rigingine, domin nono zai shiga huhunsa ya kashe shi. Mu ɗiga a gefen baki, ɗigo-ɗigo, yana haɗiyewa da kansa.

5. A kwanakin farko ƙaramin cokali 1, wato mililita 5, ya isa sha ɗaya. Mu ba shi sau 3 a yini, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan yadda yake girma. Yawan ɗura yana kawo kumburin ciki da zawo, su ne kuwa suka fi kashe ƴaƴan zomo.

6. Bayan ya sha, mu jiƙa auduga da ruwan ɗumi, mu shafa masa a ƙasan ciki, don ya yi fitsari da kashi.

7. Idan ya kai kamar mako 2 zai fara tsinkar ciyawa. Mu kawo masa harkiya da guɗe-guɗe, da harawar wake ko ta gyaɗa, da ruwa a ƙaramin murfi. Mu guji ciyawar da aka fesa wa maganin ƙwari. Wajen mako 4 mu fara rage nono har mu yaye shi.

Mu kula da lafiyarmu

Namun daji sukan zo da kaska da ƙuma da wasu cututtuka. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi nono. Kada ƙananan yara su mayar da shi abin wasa. Kada mu haɗa shi da zomayen gida. In ya mutu, mu binne shi, kada a ci namansa.

Daji ne gidansa

Mu faɗa wa juna gaskiya. Ko da kulawa mai kyau, da yawa daga cikinsu ba sa rayuwa a hannun mutum. Wanda ya rayu kuma ba ya sabawa da gida. In ya girma zai dinga dukan akurki har ya ji wa kansa rauni. Idan ya kai mako 6 zuwa 8, yana cin ciyawa sosai, yana gudu, mu kai shi kusa da inda muka same shi. Mu sake shi da yamma, a wuri mai ciyawa, nesa da karnuka da hanyar mota.

Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dajinsu ɗaya. Ƙanƙantarsa ba ta sa ya zama namu ba. Mu koya wa ƴaƴanmu cewa in sun ga ɗan zomo a kwance cikin ciyawa, su wuce su bar shi. Uwarsa tana tafe da magariba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.