Yadda haske ke tona asirin zanen jabu

Hirarmu ta yau a kan aikin masana ne waɗanda ke tsaron tsofaffin zane-zane a gidajen ajiyar kayan tarihi. Zanen da shahararren mai zane ya yi da hannunsa yana da tsada ƙwarai. Don haka macuta ke kwaikwayonsa, su sayar. To, ƙaƙa ake gane na gaskiya da na jabu?

Kun san bakan gizo. Hasken rana ne ya rarrabu launi-launi. Masana suna da na'urar da ke rarraba haske kamar haka, ta auna shi. Ana kiran wannan ilimi sifektiroskofi. Ana haska fentin da ke jikin zane da irin hasken da lokotoro ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Kowane sinadari da ke cikin fentin, dalma ko tutiya ko ƙarfe, sai ya maido haske irin nasa shi kaɗai. Na'ura ta rubuta. Ba a yanka zanen, ba a ɓata shi.

Amfanin wannan shi ne, an san lokacin da aka fara yin kowane fenti. Farin dalma tsoho ne tun zamanin da. Shuɗin Furusiya kuwa a birnin Balin aka gano shi, wajen shekara ta 1706. Farin titan bai bazu a kasuwa ba sai wajen 1920.

Ga misali. A 2006, a birnin Kolon na ƙasar Jamus, an yi gwanjon wani zane mai dawaki, aka ce Heinrich Campendonk ya yi shi a 1914. An saye shi Yuro miliyan 2 da dubu 880, kusan miliyar 2 na kuɗin sefa ke nan. A 2008 masana suka binciki fentinsa, suka tarar da farin titan a ciki. Ina mai zane zai samu wannan fenti a 1914? Aka bi sawu har aka kama Wolfgang Beltracchi a 2010. A 2011 aka yanke masa shekara 6 a gidan kaso. Shi da bakinsa ya ce farin tutiya ya saya, bai san an gauraya shi da titan ba.

Amma ku lura da kyau. Na'ura na iya tabbatar da cewa zane jabu ne. Ba ta iya tabbatar da cewa hannun wane ne ya yi shi, don macuci na iya neman tsohon fenti. Shi ya sa ake haɗa awon haske da takardun da ke nuna hannuwan da zanen ya bi, da kuma idon gwanaye.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.