Keke Mai Batir: A Duba Haƙori Kafin A Taya

Tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwa-zuwan da muka saba saye a kwalba a bakin titin Garwa ya daina araha. A gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Shi ya sa wasu 'yan'uwa suka fara tambayata labarin keken nan mai batir da suke gani ina hawa zuwa kara.

To, jama'a, sayensa kamar sayen sa ne. Ba wanda zai taya bijimi don kyan ƙaho bai buɗe bakinsa ba. Haƙorin wannan keke kuwa shi ne batir. Iri biyu ne. Akwai na dalma, mai araha, amma ga nauyi kamar buhun gishiri, ga saurin mutuwa. Akwai na litiyom, mara nauyi, mai daɗewa, shi ne kuma yake cinye kaso mai yawa na kuɗin keken. A jikinsa za ka ga lamba biyu, misali 48V da 12Ah. Ka ninka su, 576 ke nan, wannan shi ne cikinsa, wato yawan wutar da yake ɗauka. In lambar ta fi haka, tafiyar ta fi nisa. Cajinsa duka bai kai yunit ɗaya na wuta ba.

Kada ka yarda da nisan da aka rubuta a kwali. Da ƙaramin mutum aka gwada, a shimfiɗaɗɗen titi, yana taka feda. Ni da babbar riga da tumbi, in ban taka ba, batir irin wannan kilomita 30 da 'yan kai yake kai ni. Kasuwar Pitowa ta ran Lahadi zan je in dawo, da ƙyar. Ngong ta ran Litinin kuwa, ko Adumri ta ran Alhamis, wannan aikin babur ne ko mota. Na taɓa yin gangancin Ngong, ashe batirin da wani ya sayar mini tsoho ne aka sake wa riga. Da feda na ƙarasa gida bayan isha'i. Allah dai ya sa mai feda na saya, don akwai waɗanda ba su da ita, in sun mutu sai turi.

Babban maƙiyinsa a ƙasarmu zafi ne. A Maris da Afrilu Garwa takan haura digiri 40, litiyom kuwa ba ya shiri da haka. A nemi wanda ake zare batirinsa a shiga da shi inuwa. In ka dawo, bari ya huce kafin ka jona, kada ka yi caji a ɗakin kwana ko kusa da harawa, kada kuma ka ari cajar da ba tasa ba, don yana iya kama wuta. Cikarsa takan ci awa 4 zuwa 6. Wutarmu mafi yawa daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda 'yan Sin suka gama a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da bazara, an san sauran. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun ɗan rage wahalar, amma dai in ka ga wuta, ka jona.

Sai taya. A ɗauki mai faɗi saboda yashi da ƙayar aduwa, a kuma tabbata girmanta irin wanda masu faci suke da shi ne. Injin yana cikin ƙafar baya, cire ta ba wasa ba ne, don haka ka san mai gyaranka tun kafin ka biya.

Don shan iska kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Da la'asar sakaliya nakan gangara gadar Binuwai ba ƙara ba hayaƙi, har shanun da ake korowa mashaya ba sa firgita in na ratsa ta gefensu.