Ba Kowace Gurguwar Kaza Ce Ke Buƙatar Kafso Ba

Duk lokacin da salla ta gabato, gidaje suka cika da kajin buroila, sai maganar ta sake tasowa: wai allurar ƙiba ake yi musu tun suna 'yan tsaki, shi ya sa ƙafafunsu ke shanyewa. Wannan zance ba shi da tushe. Girman buroila ya fito ne daga zaɓen iri na shekaru da dama, da kuma abinci. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin 1957 da irin 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56 na farkon bai kai kilo ɗaya ba, na biyun ya haura kilo huɗu.

To, daga nan matsalar ke farawa. Tsoka na gudu, ƙashi na binta a baya. Mai kaza kuma, ganin tsadar buhun abinci, sai ya koma dusa zalla tun a mako na uku. Dusa na cika ciki, amma kalshiyam ɗin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Kamar mai gini ne da ya ɗora bene a kan ginshiƙin da aka yi wa rowar siminti: bangon bai yi laifi ba, rufin bai yi laifi ba, kuma duk fentin da za a shafa ba zai hana ginshiƙin lanƙwasa ba. Kaza mai ƙwai ma haka take, domin kowane ɓawo na cin kusan giram 2 na kalshiyam, in babu a abinci daga ƙashinta za ta ciro. Ɗan tsakon da yatsunsa suka nannaɗe ciki, yana tafiya a kan gwiwa, galibi bitamin B2 ya rasa, kuma idan aka ba shi da wuri yakan miƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Kaza ta fara ɗingishi, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo, a farke a zuba a ruwa. Ba a ɗaga ta ba, ba a juya tafin ƙafar ba. Kafso ba ya gina ƙashi. Ba ya kuma taɓa cutar Marek, wadda bairas ne mai kama jijiya, inda za ka ga kaza a kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan ba ta da magani, sai rigakafin da ake yi ranar ƙyanƙyasa. Haka fakat, mai murɗe wuya da shanye ƙafa, mai share akurki lokacin hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, amma mata nawa ne a ƙauye suka taɓa ganin malamin dabbobi ya kawo shi ƙofar gida? Ga shi kuma ana cin ƙwai da naman kazar da ke kan kafson, ba a jira ya fita daga jikinta ba.

Da za a juya ƙafar, sau da yawa amsar na nan a fili. Kumburi a tsakiyar tafin da baƙin ɓawo a kai ciwo ne da ƙusa, waya ko kwalba ta buɗe, ƙwayar cuta ta shiga. Ruwan ciwon kaza ba ya tsiyaya kamar namu, dunƙulewa yake ya yi tauri, don haka matsawa ba ta fitar da shi. A jiƙa da ruwan ɗumi da gishiri, a ɗaure, a ajiye ta a busasshen wuri, in ya yi girma a kai wa likitan dabbobi. Kashin da ya jiƙe a akurki ma yana ƙona tafin, sai a riƙa sauya ƙaiƙayi. Wani lokaci kuwa zare ne ko gashin kitso ya naɗe yatsa ya nutse cikin fata har yatsan ya yi baƙi, ko tsumman da aka ɗaure sabuwar kaza da shi aka manta.

Sai kaushin da ke tashi a ƙwaurin tsofaffin kajin Hausa, wanda ake ɗauka tsufa ne. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa a ƙarƙashin fatar. Basilin ko man kaɗanya, a shafa sosai duk bayan kwana biyu zuwa uku na wasu makonni, yana toshe musu numfashi. Masu tsoma ƙafar cikin kananzir ko baƙin mai su daina, fatar suke ƙonawa, kazar kuma na tsattsagar wurin da baki ta haɗiye.