Gurasa Biyar da Kifi Biyu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya taɓa zama a majami'a ranar Lahadi, a Kafanchan ne ko Wusasa ko Maraɗi, ya ji mai addu'ar baiko yana roƙon Allah ya albarkaci ɗan abin da aka kawo, ya riɓanya shi. Maganar ta zama jiki, amma ba kowa ne ya san tushenta ba, balle iyakarta. A wannan zamani da kwanon masara ke gagarar magidanta, rashin sanin iyakar nan yana jawo wa talaka asara.

Babban tushenta shi ne labarin ciyar da mutum 5,000 a kusa da Tekun Galili. In ban da tashin Yesu daga matattu, wannan ce kaɗai mu'ujizar da Bisharu huɗun duka suka kawo: Matiyu sura 14, Markus 6, Luka 9 da Yohanna 6. Yamma ta yi, jama'a na jin yunwa, wurin kuma ba gari ba ne. Filibus, almajirin Yesu, ya buga lissafi, ya ga ko gurasar dinari 200 ba za ta kai kowa ya sami loma ba. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, wato aikin fiye da wata shida ke nan. Sai Andarawas, shi ma almajiri, ya nuna wani yaro mai gurasa biyar na sha'ir, abincin talakawan ƙasar, da kifi biyu. Yesu ya sa aka zaunar da jama'a ƙungiya ƙungiya, ya yi godiya, ya gutsuttsura, almajirai suka rarraba. Kowa ya ƙoshi, aka tattara ragowar har kwando 12.

Ku lura da inda yawan ya tafi. Cikin mayunwata ya shiga. Babu inda aka ce yaron ya koma gida da dukiya. Da jama'ar suka so naɗa Yesu sarki saboda abin da suka gani, janyewa ya yi zuwa kan dutse, washegari kuma ya tsawata musu don gurasar ce ta sa suke nemansa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na gwauruwar nan a 2 Sarakuna sura 4. Mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Annabi Elisha bai karɓi ko anini daga hannunta ba. Tambayarta ya yi abin da ke cikin gidanta, ta ce ɗan mai ne kawai a kwalba. Ya aike ta ta aro tuluna daga maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa. Man bai tsaya ba sai da tulunan suka ƙare. Daga nan ya ce ta sayar, ta biya bashin, su ci saura. Akwai zirga-zirga a ciki, akwai kunyar aro, akwai ciniki. Allah ya yi nasa, ita ma ta yi nata.

Tarihi ma yana da shaidu. George Müller, Bajamushen da ya zauna a Bristol ta Ingila, ya fara riƙon marayu a 1836 da 'yan mata kusan 30. Bai taɓa roƙon kowa kuɗi kai tsaye ba, addu'a yake yi. Kafin rasuwarsa a 1898, marayu fiye da 10,000 sun ratsa gidajensa. Abin da masu wa'azi kan manta su faɗa shi ne, mutumin nan yana rubuta duk kyautar da ta shigo, kuma kowace shekara yana buga rahoto kowa ya gani.

A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya kuwa, matan ikilisiya ne suka fara wata al'ada tun 1910, suna kiranta Buhfai Tham. Duk lokacin da uwargida ta auni shinkafar girki, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta ajiye gefe. Ana tara shinkafar a kai majami'a, a sayar, a tallafi aikin bishara da kuɗin. Fiye da shekara ɗari ke nan ba a daina ba. Babu gidan da ya kwana da yunwa saboda cikin hannu guda, amma da yake da yayyafi kogi kan cika, ikilisiyoyinsu suna ɗaukar nauyin ma'aikatansu da kansu.

To, ina matsayin abin da ake kira "shuka iri"? Za ku ji mai wa'azi ya ce ku kawo dubu goma, Allah zai mayar muku da dubu ɗari kafin ƙarshen wata. Sukan jingina da 2 Korantiyawa sura 9, inda Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka. Sai dai surori 8 da 9 ɗin nan magana suke a kan gudummawar da ake tarawa domin matalautan ikilisiyar Urushalima. Bulus ya bayyana cewa kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, da yardar ransa, ba tare da ya jefa kansa cikin ƙunci ba. Shi kansa ɗinkin tanti ya riƙa yi don ya ci abinci, ya kuma sha yunwa ba sau ɗaya ba. A Ayyukan Manzanni sura 8, da wani Siman ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus bai raga masa ba. A ganina, wanda ya sa gwauruwa ta ciyo bashi don ta "shuka" ya juya labarin Elisha ne kai ƙasa, kuma zalunci ne.

Dogara ga Allah a kan kaɗan ba ta zo da alkawarin ranar biya ko adadin riba ba. Akwai masu bangaskiya na ƙwarai da suka mutu talakawa, wannan kuma bai rage musu komai a gaban Allah ba.

'Yan'uwa, musamman iyayenmu na Zumuntar Mata, ku gwada dabarar matan Mizoram da dawa ko masara a wannan kaka. Ku naɗa mutum biyu su riƙe littafi, a karanta lissafin a gaban kowa, a fara kai hatsin gidajen gwauraye da marayun da ke cikinku.