Ƙarfen Da Ko Gwangwanin Yanzu: Wa Ke Tsira a Taho-mu-gama?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar bakanikai ko ta direbobin tasha ya san maganar nan: "Ai motar da ita ce mota, ƙarfe ne zalla. Ta yanzu kuwa gwangwani ce, ɗan taɓi kaɗan sai ta lotse." Ko a hostal, in hira ta biyo ta kan motoci, ba a rasa mai rantsuwa cewa tsohuwar Marsandin babansu in ta yi karo da motar zamani, sai dai a kwashe ta zamanin a buhu. To, bari mu ɗora maganar a kan sikeli, domin batu ne na rai.

Babba da ƙarama

Mu fara da tsofaffin motocin su ya su. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kaduna, da kuma Bitil ta kamfanin Volkswagen a Legas. Bitil nauyinta wajen kilo 800 ne, 504 kuwa wajen kilo 1,200, manyan motocin Amurka na wancan zamani kuma sukan wuce kilo 1,600.

'Yan injiniya, ku tuno darasin fiziks na shekarar farko. A ce mota mai kilo 1,600 da mai kilo 800 sun yi taho-mu-gama, kowace tana gudun kilomita 60 a awa, suka manne da juna. Ba nan take za su tsaya ba. Babbar za ta tura ƙaramar baya, su tafi tare da gudun kilomita 20. Ke nan gudun babbar ya sauka daga 60 zuwa 20, canjin 40. Ƙaramar kuwa daga 60 gaba ta koma 20 baya, canjin 80. Duk wannan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan canjin gudu na farat ɗaya shi ne ke karya mutum, kuma in ya ninka biyu, ƙarfin da jiki zai shanye ninkawa huɗu yake yi.

Ban da nauyi, babbar tana da dogon gaba, wato akwai tazara tsakanin bamba da gwiwar direba. Bitil kuwa injinta a baya yake, abin da ke gabanka but ne da tayar safaya da tankin mai. Saboda haka a nan masu majalisa suna da gaskiya: tsohuwa da tsohuwa, babbar ce ke da rinjaye.

Amma nauyi ba shi ne kariya ba

Rinjayen nan yana aiki ne kawai in abokiyar karon ta fi ka sauƙi. In bishiya ce, ko ginshiƙin gada, ko tirela, nauyinka bai tsinana maka komai ba. A nan tambayar ita ce: yaya aka ƙera motar?

Ka diro daga saman gado mai hawa biyu a kan siminti, sannan ka diro a kan katifa. Tsawon ɗaya ne, nauyinka ɗaya ne, amma katifa ta ja lokacin tsayawarka, sai zafin ya ragu. Aikin da gaban motar zamani ke yi ke nan. Da gangan aka ƙera shi ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karon, ɗakin da mutane ke zaune kuma aka yi shi da ƙarfe mai tauri don kada ya motsa. Lotsewar da ake yi wa dariya ita ce katifar.

Wani injiniyan kamfanin Marsandi, Béla Barényi, shi ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, aka fara sa ta sosai a motocin kamfanin a 1959. A wannan shekarar ce kuma Volvo ta fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, ƙirar Nils Bohlin. Sandar sitiyari mai nutsewa in an buge ta sai wajen 1967 ta fara yaɗuwa a Amurka. Kafin nan sanda ce miƙaƙƙiya, in gaban mota ya shigo ciki sai ta nufi ƙirjin direba kamar mashi. Yawancin motocin da suka riga waɗannan gyare-gyare, manya da ƙanana, ba su da ko ɗaya.

Gani ya kori ji

A 2009 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta don binciken haɗurran hanya, ta cika shekara 50. Sai ta haɗa karo tsakanin Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, ƙatuwa mai sheƙi, da Chevrolet Malibu ƙirar 2009. Kowace tana gudun kilomita 64 a awa, suka haɗu ta ɓangaren direba. Nauyinsu kusan ɗaya ne, tsohuwar ma ta ɗan ɗara.

Ɗakin Bel Air ya ruguje, gilashin gaba ya fice, kan mutum-mutumin da aka zaunar a mazaunin direba ya daki sitiyari. Na'urorin jikinsa sun nuna munanan raunuka daga kai har ƙafafu. Malibu gabanta ya yi kaca-kaca, amma ɗakinta yana nan yadda yake, bel da jakar iska sun riƙe direba, abin da aka hango masa rauni ne a ƙafa. Bidiyon yana YouTube, ku nema ku gani.

A shekarar dai cibiyar ta gwada ƙananan motocin zamani da matsakaita, kamar Toyota Yaris da Camry, kuma ƙananan ne suka sha kashi. Wato lissafin nauyi bai mutu ba. In zamaninsu ɗaya, babba ta fi. In zamani ya bambanta, ƙira ta fi girma muhimmanci.

A yi adalci, tsofaffin Marsandi na shekarun 1970 da 1980 an ƙera su da gaba mai lanƙwashewa da bel, sun fi sa'o'insu da yawa. Sai dai motar da ta shekara 40 a kan hanya ba ita ce ta fito daga kamfani ba. Tsatsa ta ci, an yi walda nan, an cike can, bel ɗin ma wataƙila an yanke shi tun tuni.

Me ya shafe mu?

Yawancinmu ba mu da mota, amma duk hutu muna tasha. Kuma hanyoyinmu da yawa falle ɗaya ne, inda obatekin ɗaya na ganganci ke jawo taho-mu-gama. Don haka:

In akwai zaɓi, ka duba lafiyar mota da shekarunta kafin girmanta. Ka nemi mazauni mai bel, ka ɗaura, ko a baya kake. Wanda bai ɗaura ba, in mota ta tsaya shi bai tsaya ba, da gudun da ake yi zai daki gilas ko ƙeyar na gabansa. Ka guji zaman mutum biyu a gaba, don bel ɗaya ba ya riƙe mutum biyu. In kuma direba ya fara wuce motoci a kwana ko a kan tudu, ka buɗe baki: "Malam direba, don Allah a sassauta." Ba rashin kunya ba ne, sau da yawa sauran fasinjoji jira suke wani ya fara.

Mota in ta lotse akwai mai gyara, in ta ƙi gyaruwa a sayar wa 'yan gwangwan. Ƙirji da ƙashin baya kuwa ba a sayar da su a kasuwar kayan gyara. Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya.