Shirin ɗaukar ciki: Watanni ukun da ma'aurata ke sakaci da su

A unguwannin Dala, daga Gwammaja zuwa Madigawa, daga Yalwa zuwa Ƙofar Mazugal, da zarar amarya ta tare sai a fara yi mata lissafi a ɓoye. Dangin miji na ƙirga watanni, iyayenta ma na ƙirgawa. Idan shekara ta zagayo ba a ga alama ba, sai shawarwari su fara kwarara: wannan ta kawo saiwa daga kasuwar Kurmi, waccan ta kawo sunan mai magani, wata kuma ta soma raɗa wa miji zancen ƙarin aure. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne cewa ciki yana da shiri, shirin yana farawa ne kamar wata uku kafin a same shi, kuma ya hau kan miji kamar yadda ya hau kan matarsa.

Dalilin farko yana cikin yadda halittar jariri take somawa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana kammala rufewa ne wajen kwana 28 bayan shigar ciki, wato a lokacin da mace take cewa al'adarta ta ɗan yi jinkiri. Idan jikinta ba shi da isasshen sinadarin folik asid a waɗannan kwanaki, bututun yana iya ƙin rufewa, a haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya ko da tawayar ƙwaƙwalwa. Ƙwayar folik asid ba baƙuwa ba ce ga matan Kano, ita ce 'yar ƙaramar ƙwayar da ake bayarwa a wurin awo. Matsalar ita ce mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar, musamman cikin fari da kunya ke lulluɓewa. A lokacin ƙwayar tana da amfani wajen ƙarin jini, amma aikin kare laka ya riga ya wuce. Shi ya sa likitoci ke shawartar duk macen da ke neman ciki ta riƙa shan maikrogiram 400 kullum tun kafin ta samu, ta ci gaba har ciki ya cika mako 12. Mai ciwon suga, ko mai shan maganin farfaɗiya, ko mai sikila, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lalura, likita kan rubuta mata adadi mafi yawa. Zogale da alayyafo da wake da gyaɗa suna taimakawa, sai dai ba sa maye gurbin ƙwayar.

Sai batun kwanaki, wanda a nan ne aka fi yin asara ba tare da an sani ba. Mace ba ta ɗaukar ciki a kowace rana ta wata. Ƙwan haihuwa yana fita sau ɗaya, kuma ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jiran maniyyi, shi kuwa maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikinta. Saboda haka kwanakin samun ciki shida ne kacal: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Ƙwan yakan fita kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Macen da ke yin kwana 28 daga farkon wannan jini zuwa farkon na gaba, ƙwanta na fita wajen rana ta 14 idan an fara ƙirga daga ranar da ta ga jini, kwanakinta kuwa su ne na 9 zuwa na 14. Wadda ke yin kwana 32, ƙwanta sai wajen rana ta 18. A kusa da lokacin, ruwan da ke fitowa daga gabanta yakan zama fari tas mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai.

Wannan lissafi ba zai yi wa matan birni wuya ba, domin tun suna 'yan mata suke kiyaye kwanakin haila da na tsarki saboda salla da azumi. Abin da ya rage shi ne a rubuta ranar farkon jini na wata uku a jere. Amfaninsa ya fi fitowa a gidan ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ke tafiya Legas ko Onica saro kaya, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja yana dawowa sau biyu a wata, da kuma gidan da ake rabon kwana. Miji zai iya yin shekara yana dawowa gida, amma dawowar tasa ba ta taɓa dacewa da kwanakin nan shida ba, alhali lafiyar kowa ƙalau. Ga waɗanda suke tare kullum, saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta wadatar, ba sai an tsaya ƙirga ba.

Dalili na biyu na watanni uku yana wajen namiji. Ƙwayoyin maniyyi suna ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin su nuna, don haka abin da mutum ya yi wa jikinsa yau, sai bayan kusan wata uku ake ganin tasirinsa. Taba da shisha da wiwi da Tramadol duk suna rage yawan ƙwayoyin ko kuzarinsu. Haka nan zazzaɓi mai zafi, da daɗewa kusa da wuta kamar yadda maƙera da masu gidan burodi ke yi, da ƙiba mai yawa, da ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da hangum da ya sauka maraina bayan balaga. Wasu alluran ƙara ƙarfi masu ɗauke da sinadarin testostiron suna ƙara sha'awa amma suna tsayar da samar da maniyyi, wanda hakan kishiyar abin da mai sayensu yake nema ne. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Masana sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Haihuwar da ya yi da uwargida shekara goma da suka wuce ba hujja ba ce a kan halin da yake ciki yanzu.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, wanda ya haɗa da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da rukunin jini na sikila. Ma'auratan da suka yi aure kafin dokar, da yawansu ba su san rukuninsu ba. Idan miji AS ne matar ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki da nasa lissafin. Ba wai in an haifi ɗaya mai sikila uku na gaba sun tsira ba. Akwai kuma gwajin da dokar ba ta sa an fi saninsa ba, wato na Rhesus. Macen da jininta nagetif ne, mijinta kuma fozitif, tana bukatar allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, in ba haka ba jikinta na iya yaƙar jinin jariran da za su biyo baya.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya kada ta dakatar da maganinta da kanta, kada kuma ta jira sai ciki ya shiga. Wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi, kuma likita yana da waɗanda zai musanya su da su tun da wuri. Wadda ta haihu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta huta wata 24 kafin wani cikin, abin da ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da aka sani a addini. Game da kayan mata kuwa, na sha da aka haɗa da dabino da aya da kwakwa abinci ne. Na matsi ne abin tsoro, domin yana iya ƙona fatar ciki ko ya jawo ƙwayoyin cuta, kuma cutar da ta haura sama ita ce kan toshe bututun mahaifa, wanda yana cikin manyan dalilan tsayawar haihuwa a Afirka, har ga matan da suka taɓa haihuwa.

Jinkiri ba rashin haihuwa ba ne. Fiye da takwas cikin goma na ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba suna samun ciki a shekarar farko, rabin sauran kuma a ta biyu. Duk da haka rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar a wani lokaci na rayuwarsa. Ƙa'idar likitoci ita ce a nemi bincike bayan wata 12, ko bayan wata shida idan matar ta kai shekara 35. Wadda al'adarta ke tsallake watanni, ko take zuwa da matsanancin ciwon mara, ko ta yi ɓari a jere, ba sai ta jira ba.

Mazauna Dala ba su da nisa da wurin zuwa. Cibiyoyin lafiya na unguwa suna auna jini da suga, suna kuma tura mutum gaba, sannan akwai sashen likitocin mata a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya fi kyau a je tare, da takardar kwanakin al'ada da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Ita matar za a iya yi mata gwajin jini, da hoton mahaifa, da hoton bututu mai ɗan zafi da tsada. Gwajin maniyyi kuwa ba allura, ba ya cin lokaci, kuɗinsa bai kai na matar ba, sharaɗinsa kawai a ƙaurace wa saduwa na kwana biyu zuwa bakwai kafin a bayar. Shi ya sa likitoci suka fi son a fara da shi.