Daga Ƙofar Guga zuwa Maraɗi: Yadda Faransanci Ke Ba da Labarin Da

Shirin musamman na yau ya shafi nahawun Faransanci, kuma an tsara shi ne domin ɗaliban sakandare da matafiyan da ke bin hanyar da ta fita daga Ƙofar Guga, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, ta bi ta Jibiya, ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Ko da yake Hausa ce harshen ciniki da zumunci a ɓangarorin biyu, tun da Katsinawan da suka bar birnin bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi, takardun ofis da na makaranta a Jamhuriyar Nijar galibi da Faransanci ake rubuta su, har bayan da hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025, suka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A Nijeriya ma, tun shekarar 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba Faransanci matsayin harshe na biyu na hukuma.

Lokacin aikatau da ake magana a kansa shi ne wanda Faransawa ke kira imparfait, sunan da ya samo asali daga Latin, yana nufin abin da bai kammala ba. Da shi ake bayyana aikin da yake cikin gudana a can baya, ko wanda aka saba yi, ko halin da ake ciki a wancan lokaci, ba tare da an nuna inda ya fara ko inda ya tsaya ba.

Gina shi bai da wuya, domin ƙa'ida guda ce ta game dukkan aikatau in ban da ɗaya. Ana ɗaukar siffar aikatau ta lokacin yanzu wadda ke tafiya da wakilin suna nous, wato mu, a cire haruffa uku na ƙarshe, o da n da s, abin da ya rage shi ne saiwa. A kan saiwar ake liƙa ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ke zuwa a ƙarshen kalma, kuma guda shida ne: ais ga je, ais ga tu, ait ga il ko elle, ions ga nous, iez ga vous, sai aient ga ils ko elles. Aikatau parler, yin magana, yana ba da nous parlons, daga nan a sami je parlais da nous parlions. Finir, gamawa, yana ba da nous finissons, a sami je finissais. Hatta prendre, ɗauka, wanda ke wahalar da ɗalibai a sauran lokuta, a nan bin ƙa'ida yake, daga nous prenons a sami je prenais. Wanda ya kauce shi ne être, kasancewa, domin saiwarsa ét ce, sai a ce j'étais, nous étions.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen rubutu, saboda huɗu daga cikin ƙarin nan, ais biyu da ait da aient, furucinsu ɗaya ne, kunne ba ya rarrabe su, sai wakilin sunan da ya gabata ya nuna wanda ya dace. Haka kuma manger, cin abinci, yana riƙe harafin e kafin a, a rubuta je mangeais amma nous mangions, shi kuma commencer, farawa, yana ɗaukar 'yar ƙugiya a ƙarƙashin c domin sautin s ya tsaya, a rubuta je commençais. Su kansu Faransawa sun daɗe suna rubuta ois a wannan gurbi, sai a ƙamusunta na shekarar 1835 cibiyar Académie française ta amince da ais, rubutun da marubuci Voltaire ya yi ta fafutukarsa tun ƙarnin da ya gabaci wancan.

Babban al'amari shi ne sanin inda ake amfani da shi, kuma a nan ne Bahaushe yake da rinjayen da ba kasafai ake nuna masa ba. Hausa tana bambanta ya tafi, da yana tafiya, da yakan tafi, waɗanda masana nahawu ke kira shuɗaɗɗen lokaci, da lokaci mai ci, da lokaci sabau, kuma yaron da ya tashi a Ƙofar Guga ba ya rikita su ko da bai taɓa shiga aji ba. Imparfait ya haɗa na biyu da na uku ne, muddin labarin na baya ne, yayin da passé composé, lokacin aikin da ya auku ya ƙare, yake daidai da na farko. Idan direba ya ce il pleuvait quand le camion est arrivé à Jibia, ma'anarsa ana ruwa lokacin da babbar motar ta iso Jibiya: ruwan yana cikin zuba, saboda haka ya ɗauki imparfait, isowar motar kuwa sau ɗaya ta faru. Idan dattijo ya ce quand j'étais jeune, j'allais à Maradi chaque semaine, yana nufin sa'ad da yake matashi yakan je Maraɗi kowane mako. Bambanci ɗaya ne ya kamata a kiyaye, shi ne kalmar yana ta Hausa ba ta nuna baya da kanta sai an ƙara jiya ko a da, alhali ɗafa-ƙeyar Faransanci ta ɗauke wannan nauyi ita kaɗai.

Akwai kuma amfani biyu da mai hulɗa da ofis zai buƙata. Ana sassauta roƙo da shi, kamar je voulais vous demander, wanda ya yi daidai da dama ina so in tambaye ku, ladabin da Bahaushe ya riga ya sani. Ana kuma sa shi bayan kalmar si domin sharaɗin da bai tabbata ba: si j'avais de l'argent, j'irais à Niamey, da ina da kuɗi da na je Yamai.

Abin takaici ne cewa a makarantun Nijeriya galibi ta hanyar Ingilishi ake koyar da wannan darasi, sai ɗalibi ya bi ta harshe na uku kafin ya iso ga abin da yake da shi tun a gida. Kira ga malaman Faransanci na Katsina shi ne, a darasi na gaba su fara rubuta ya tafi, yana tafiya da yakan tafi a allo, sannan su kawo il est parti da il partait a ƙarƙashinsu.